Ƙafafunsa ne suka hana shi zama, ni kuma na ce ciwon ne ya tashi

Saurayi ne ɗan shekara 22, mahaifiyarsa da kawunsa suka kawo shi asibitin da nake aikin jinya. Wata takwas ke nan da ya fara janye jiki daga mutane, ya bar zuwa shagon ɗinki, wanka ma sai an yi da gaske. A wata biyun ƙarshe ya koma magana shi kaɗai, yana cewa wasu mutum biyu na zancensa a bayan katanga, ya kuma ƙi cin tuwon gida wai an barbaɗa masa wani abu. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, kafin a zo mana.

Gano ciwon bai ba mu wahala ba. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna sikizofireniya, wato ciwon ƙwaƙwalwar da ke kawo jin muryoyi da zargi, sai dai a kore sauran abubuwan da ke kama da ita. Likita ya duba zazzaɓin cizon sauro da taifot, ya tambayi tarihin farfaɗiya da buguwar kai, ya keɓe da yaron ya tambaye shi wiwi da tiramol da sholisho. Mai ruɗewar zazzaɓi ba ya sanin inda yake ko wace rana ce, kuma abin cikin kwanaki yake faɗo masa. Wannan yaron ya san ranar, ya san sunan unguwarsu, muryoyin ne kawai da zargin suka mamaye shi, kuma sun wuce wata guda da ake buƙata kafin a kira ciwon da wannan suna. Akwai ƙanin mahaifinsa da ya taɓa yin irinsa, wanda ba abin mamaki ba ne: a cikin jama'a kusan mutum 1 cikin 100 ne ke kamuwa a tsawon rayuwa, amma ga wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi abin kan kai kusan 10 cikin 100.

Aka ɗora shi kan haloperidol, miligiram 5 da dare. Likitan ƙwaƙwalwa sau ɗaya yake zuwa mana a wata, tsakanin nan ni ke ganin marasa lafiya, in kira shi a waya in da matsala.

Kwana goma suka dawo. Mahaifiyar ta ce, "Malam, abin fa gaba yake yi. Ba ya zama, ba ya kwanciya, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ɗaki har asuba." Na dube shi, yana tsaye bakin ƙofa yana sauya ƙafa kamar mai taka rairayi da tsakar rana. Na kira likita na ce mara lafiya ya ƙara fusata, maganin bai riƙe shi ba. Da abin da na faɗa masa ya yi aiki, ya ce a mayar miligiram 10. Bayan mako guda abin ya ninka, na sake kira, aka kai 15. Daga nan ban sake ganinsu ba sai bayan wata goma sha huɗu.

Har yau abin na cina, domin tambaya ɗaya ce ban yi ba. Ban ce masa, "Me kake ji a jikinka?" ba. Na tambayi mahaifiyarsa, na tambayi kawunsa, shi kuwa na tsallake shi kamar ba shi da bakin magana. Da ya dawo, ga tabon mari a idon sawunsa biyu, shi ya faɗa mini da kansa: "Malam, lokacin nan muryoyin har sun fara raguwa. Ƙafafuna ne ba sa barina in zauna, kamar ana zuba mini tururuwa a cikin ƙashi. Na so in faɗa rijiya don in huta."

Sunan abin akatiziya, kuma maganin ne ke kawo shi. Haloperidol da 'yan uwansa suna aiki ne ta hanyar toshe sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa. Toshewar ce ke kwantar da muryoyi da zargi, amma dofamin ɗin nan shi ke daidaita motsin jiki, don haka in aka toshe fiye da kima sai motsi ya lalace. Duk miligiram da na sa aka ƙara, wutar nake ƙara wa itace. Da yawan masu kamuwa karon farko miligiram 2 zuwa 5 ya ishe su, kuma ana ba magani mako huɗu zuwa shida kafin a ce bai yi ba. Ni a kwana goma na yanke masa hukunci.

Bambance akatiziya da tashin ciwon ba shi da wuya in mutum ya san abin da yake nema. Akatiziya tana zuwa ne cikin kwanaki ko 'yan makonni bayan fara magani ko ƙara shi. A zaunar da mara lafiya minti biyu ana hira, sannan a tsayar da shi minti biyu. Za a ga yana jijjiga ƙafa, yana harɗewa yana warwarewa, yana miƙewa ba dalili, in yana tsaye kuma yana tattaki wuri guda. Wanda ciwon ne ya tayar masa yana da dalilin zirga-zirgarsa: murya ce ta umarce shi, ko wani yake gudu. Mai akatiziya ba shi da wani dalili sai jikinsa, kuma ya fi kowa son ya zauna. Maganinta a rage ƙwayar, ko a sauya zuwa wadda ba ta cika kawo wannan ba kamar olanzapine. Likita kan ƙara propranolol, a fara da miligiram 10 sau biyu ko uku a rana, bayan an auna bugun zuciya da hawan jini, kuma ba a ba mai asma. Artane, wanda aka fi sani da Exol a wajenmu, ba ya cika yi mata aiki, ga shi matasa na shansa don maye, saboda haka ba na goyon bayan a riƙa haɗa wa kowa shi a leda tun ranar farko.

Inda Artane ke da amfani shi ne sanƙarewar tsoka da makyarkyata. Ita sanƙarewar ta fi kama samari, a kwanakin farko: wuya ya murɗe gefe, harshe ya zazzago, idanu su kafe sama. Duk wanda ya ga wannan a tsakar gida ba tare da an gargaɗe shi ba, aljanu zai ce, kuma ban ga laifinsa ba. Allura ɗaya ta wani magani mai aiki irin nasa kan sake shi cikin mintuna. Wanda ba a jira da shi ko kaɗan shi ne zazzaɓi mai zafi tare da jiki ya ƙage kamar itace, ga gumi, ga ruɗewa. Wannan a tsayar da magani a kawo shi asibiti a daren, domin yana kisa.

Duk wannan ban faɗa wa iyalin yaron ba a ranar farko. Abin da suka gani shi ne sun kawo ɗansu yana magana shi kaɗai, mun mayar musu da shi ba ya iya zama. Da suka kai shi gidan mari, a ganinsu ceto shi suka yi daga hannunmu. Wata goma sha huɗun nan kuwa sun yi masa illa, domin iya daɗewar ciwon ba magani, iya wahalar dawowar mutum yadda yake. Muryoyi da zargi sukan ji magani. Mutuwar zuciya, ƙarancin magana, zama ba sha'awar komai, su ne masu taurin kai, kuma da su ya dawo fiye da yadda ya tafi.

Yanzu ba wanda ke fita daga ɗakina da ƙwaya sai na zaunar da shi da wanda zai kula da shi. Ina kwatanta musu murɗewar wuya da jikina, in taka ƙafa in nuna musu tattakin, in ce in sun ga ɗaya daga ciki maganin ne, yana da gyara, su kira ni kafin su kira kowa. Ina gaya musu barci da natsuwa kan zo a makon farko, muryoyin kuwa a hankali suke dushewa. Ba na hana kowa addu'a ko ruƙiyya, abin da nake roƙo kada a ajiye ƙwayar, kada a ɗaure, kada a doka. Bayan sauƙi ya samu, a karon farko ana ci gaba da sha aƙalla shekara guda, kuma likita ne zai rage a hankali. A cikin waɗanda suka daina, kusan biyu cikin uku ciwon kan dawo musu cikin shekara, a masu ci gaba da sha kuwa kusan ɗaya cikin huɗu ne. Mai yawan mantuwa akwai allurar fluphenazine ta mako biyu zuwa huɗu, amma ita in ta shiga ba a fitar da ita, don haka da ɗan kaɗan ake gwadawa, miligiram 12.5, a jira a gani. Wanda magani iri biyu suka kasa, an kuma tabbatar yana sha, shi ake turawa babban asibiti irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, a duba yiwuwar ba shi maganin clozapine, wanda sai da gwajin jini a kai a kai.

Shi yaron olanzapine aka mayar da shi, miligiram 10 da dare. Ya yi ƙiba sosai, don haka muna auna nauyinsa duk zuwa, muna duba sukarinsa lokaci zuwa lokaci, an kuma rage masa lemon kwalba da yake so. Ya koma shagon ɗinki rabin yini, aikin maɓalli da kalmasa yake yi, bai koma yanka yadi ba tukuna. In ya shigo, kafin in buɗe katinsa nakan ce ya zauna, in sa ido a kan ƙafafunsa, sannan in tambaye shi, shi da kansa, yadda yake ji.