Wata uku ina zama a karkace a kan babur

Ƙannena 'yan kabu-kabu, da ku masu zaman shago ko teburin tela, zan faɗa muku abin da na ɓoye wa kowa, har matata.

Bazarar da na fara jigilar fasinja daga Babbar Kasuwa zuwa Tibiri, lokacin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, sai ƙaiƙayi ya kama ni a tsakanin mazaunai. Na yi ta susa. Kafin sati biyu wurin ya yi ja ya saɓule, sannan fatar ta tsage a tsaye kamar an ja reza. In zufa ta gangara ta taɓa wurin, sai na cije leɓe fasinja na bayana.

Kuskurena na farko, na raɗa masa suna. A wurinmu duk abin da ya taɓa can ƙasa basir ne ko ɗankanoma. Na sha jiƙo jarka biyu, ya sa ni gudawa, gudawar ta ƙara ci min fata. Na zauna cikin ruwan bagaruwa mai zafi. Wani abokina ya ce in shafa man zafi. Daren nan kwana na yi a tsaye. Daga baya na sayi wani bututun mai wajen mai tallar magani a tasha. Kwana uku ƙaiƙayi ya lafa, na ce na warke. Ina dainawa ya dawo ya fi da faɗi.

Sai da zaman tahiya ya gagare ni a masallaci na je likitar unguwarmu. Majon, wato babban ma'aikacin jinyar wurin, dattijo ne. Ya duba bai yi minti ɗaya ba ya ce, "Ɗana, in ka yi tsarki, me kake yi kafin ka ɗaura wando?" Na ce ba komai, ranka ya daɗe. Ya ce to nan ne.

Ashe lema ce. A yi tsarki da buta sau biyar ko fiye a yini, a ja wando a jiƙe, a hau sirdin roba, zufa ta haɗu da gugar fata da fata. Fatar da ta kwana ta wuni a jiƙe takan yi laushi ta tsage, ƙwayar cuta dangin ta makero kuma ta samu wurin zama. Gajeren wandona na nailan ne, irin na 'yan ƙwallo, ba ya shan gumi. Man tashar kuwa kotizon ne a ciki: yana kwantar da ƙaiƙayi, amma yana sirance fata, ƙwayar kuma ta yi ta yaɗuwa a ƙarƙashi.

Ya rubuta min clotrimazole, man shafawa mai kashe irin wannan ƙwayar, in shafa safe da dare, kada in daina don na ji sauƙi sai na cika sati 3. Ya ce in wanke da ruwa zalla ko sabulu marar ƙarfi, ban da soso, in dangwale da tsumma mai tsabta har ya bushe. Bayan tsagar ta haɗe, in riƙa shafa man zinc oxide, wanda ake sa wa jarirai, kafin in fita aiki. Ya kuma auna min suga, don mai ciwon suga irin wannan ciwon yakan yi ta komo masa. Nawa lafiya lau.

In kun ga ruwa ko mugunya, ko kumburi mai zogi a saman tsagin, ko zazzaɓi, ko jini wajen bayan gida, ko sati 2 ana shafa magani ba canji, wannan ya wuce na shafe-shafe, ku koma a sake dubawa.

Yanzu gajerun wanduna na auduga huɗu gare ni, da ɗan tawul a ƙarƙashin sirdi. Da azahar ina sauyawa.