Daga Sabon Gari zuwa Lasa: takardu, jirgin ƙasa da maganar sikila

Tun da na sa hotunan Lasa, babban birnin yankin Tibet, a Facebook ake ta yi mini tambaya guda: wai da bizar Sin ɗin nan da muke zuwa sarin kaya ake shiga Tibet? A'a. Bizar tana kai ka Guangzhou, tana kai ka Yiwu, har Xining ma tana kai ka. Daga nan kuwa sai da wata takarda daban, kuma ba kai ne za ka nemo ta da hannunka ba.

Ni kayan sola nake sayarwa a Sabon Gari. Duk wanda ke wannan harka ya san yadda masana'anta ke ajiye mutum jiran batura, kana zaune a otal a unguwar Xiaobei ta Guangzhou kuɗi na ta zurarewa. Shi ya sa tun ina Zariya na ƙudurta cewa wannan karon jiran ba zai tafi a banza ba, na fara neman izinin shiga Tibet kafin ma in hau jirgi a Kano.

Baƙon da ba ɗan ƙasar Sin ba ba ya shiga Tibet shi kaɗai ya yi yawonsa. Dole ka bi ta wani kamfanin yawon buɗe ido mai rajista, ka biya kuɗin tafiya da ya haɗa ɗan jagora da mota, su kuma su nemo maka izini daga hukumar yawon buɗe ido ta yankin. Za ka tura musu hoton fasfo da na biza, ka ba su makonni biyu zuwa uku. Masu bizar yawon shaƙatawa nan aikinsu ya tsaya. Mu masu bizar kasuwanci sai mun ƙara da wasiƙa daga kamfanin da ya gayyace mu, ɗalibi kuma daga makarantarsa. 'Yan jarida da jami'an diflomasiyya ba ma ta wannan ƙofa suke bi ba, sai ta ofishin harkokin waje.

Takardar kanta ba a manna ta a fasfo. Fallaye ne masu hatimi, da sunanka da lambar fasfonka da jerin garuruwan da aka yarda ka taka. Abin da ba a rubuta ba, ba ka zuwa. Idan ta jirgin sama za ka shiga, ainihin takardar ake so, don haka sai an aiko maka da ita otal ɗinka a cikin Sin. Ni da na bi jirgin ƙasa kwafi aka karɓa, amma an duba shi a tasha, an sake dubawa da muka sauka Lasa. Daga nan ɗan jagora ke riƙe ta. Wanda ke son nisa, kamar dutsen Kailash a yankin Ngari can yamma, akwai ƙarin takardun 'yan sanda da na soja, kuma suna ɗaukar lokaci fiye da na farko. Wanda kuma zai shigo ta Nepal, bizar rukuni ake yi masa a ofishin jakadancin Sin da ke Katmandu.

A gaskiya tsarin bai yi mini daɗi ba. Mutum ya saba ya tashi daga Kwangila ya faɗa mota duk inda ransa ya so, sai ga shi ko gidan ibadar tarihi ba ka shiga sai da mai rakiya. Amma zalunci ne in ce akwai wahala. Ka biya, ka tura takardu, ka jira. Wanda ya taɓa zaryar Abuja don ɗaukar hoton yatsu na biza ya riga ya ga abin da ya fi wannan.

Akwai jirgin ƙasa da ke tashi daga Guangzhou har Lasa, tafiyar sama da kwana biyu. Ban bi shi ba. Na tashi ta sama zuwa Xining, na ɗan zauna, domin garin yana kan tudu mai kusan mita 2,300 kuma jiki na fara sabawa a nan. Ga shi akwai Musulmi da yawa a garin. Babban masallacin Dongguan yana cika ranar Juma'a, abincin halal kuwa sai ka zaɓa.

Daga Xining zuwa Lasa kilomita 1,956 ne, kusan awa 21 ko 22. Ɓangaren da ya tashi daga Golmud, kilomita 1,142, an buɗe shi a shekarar 2006, kuma kimanin kilomita 550 daga ciki an shimfiɗa su ne a kan ƙasar da ke daskare rani da damina. Kafin a hau kowa na cike takardar shaidar lafiya. Bayan Golmud ake sakin iskar oksijin cikin taragai, akwai kuma bututu a gefen gado ga wanda numfashi ya yi wa wuya. Ƙololuwar hanyar ita ce mashigar Tanggula, mita 5,072. Don a gane lissafin: Zariya ba ta kai mita 700 ba, Jos wajen 1,200 take, Chappal Waddi na Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato ka ɗora Chappal Waddi biyu, jirgin yana bisa su. Ta taga ba itace ko ɗaya, sai fili da tafkuna da garken yak, wani irin sa mai dogon gashi.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Duk takardun da na cike, babu wadda ta tambaye ni nau'in jinina. Kamfanin ya tambayi hawan jini, ya tambayi ciwon zuciya, maganar sikila ba ta zo ba, don ba cutar da suka saba gani ba ce. Mu kuwa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne. A Lasa, mita 3,650, abin da kake shaƙa na oksijin kusan kashi biyu cikin uku ne na wanda ke bakin teku. Mai SS wannan wuri haɗari ne gare shi kai tsaye. Mai AS ma, wanda a gida lafiyarsa ƙalau, likitoci sun san cewa a irin wannan tudu jini na iya toshewa a saifarsa, ya ji ciwo mai tsanani a hagun cikinsa ƙarƙashin haƙarƙari, kuma a wurin ana iya ɗauka ciwon tsauni ne kawai, wato rashin lafiyar da ƙarancin oksijin ke jawo wa wanda ya hau tudu.

Wata likita 'yar'uwar maiɗakina ce ta tsare ni da wannan tun kafin in tafi. Ta ce, "Yaya, ka san jininka kuwa?" Na ce AA ne, tun gwajin aure. Ta ce, "To wanda za ku tafi tare fa?" Abokin tafiyata dattijo ne, lokacin aurensa ba a wannan gwaji. Ya je asibitin Shika aka duba, AS. Na ce masa, "Alhaji, kai ne babba, amma ni dai da ka tsaya." Ya yi shawara da likitansa, ya haƙura ya zauna Guangzhou yana bin mana kaya. Kuɗin ajiya da ya biya ya tafi, har yau yana yi mini tsiya a kai.

Ko mai AA ba ya tsira gaba ɗaya. Daren farko kaina ya yi ta sarawa, barci ya ƙi, hawa bene ɗaya sai na tsaya na huta. Likita kan rubuta Diamox a fara sha kafin hawa, amma babban magani shi ne ka yi komai a hankali, ka sha ruwa, kada ka yi gaggawar ƙara hawa. Idan mutum ya fara tangaɗi ko tari da ƙarancin numfashi yana zaune, a sauko da shi nan take. Shi ya sa masu tsara tafiya ba sa kai ka fadar Potala ranar da ka sauka. Fadar, wadda Dalai Lama na biyar, shugaban addinin Buddha na Tibet a lokacin, ya fara ginawa a 1645, matakalanta sun isa su gwada ƙirjin kowa.

Sallah sai da lura. Ƙasar Sin duka agogon Beijing take bi, awa 7 gaba da namu, alhali Lasa tana can yamma, don haka rana ba ta karkata sai wajen ƙarfe biyu. Babban masallacin Lasa yana gabas da Barkhor, titin kasuwar tsakiyar tsohon gari, tafiyar ƙafa ce, kuma unguwar cike take da mahauta da gidajen abinci na Musulmi 'yan ƙabilar Hui. Akwai ma Musulmin Tibet na asali, Kache, waɗanda kakanninsu fatake ne daga Kashmir. A nan na ci naman yak da taliya. Shayinsu na man shanu da gishiri na kurɓa don kara, na koma mai madara da sukari. Ruwa a can yana tafasa kafin ya kai digiri 90, shi ya sa shinkafa sai a tukunya mai kulle tururi.

Wanda ke shiri ya kauce wa ƙarshen Fabrairu da watan Maris, domin a shekaru da dama akan rufe yankin ga baƙi a wannan lokaci. Kuma kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai kamfanin ya turo maka hoton izinin da sunanka a jiki, ka duba lambar fasfon harafi bayan harafi.