Talata, bayan tafiyar Gwaggo

Yau da ƙarfina na tashi. Kiran assalatu ya wuce ni kamar kullum, maganin ciwon damuwa da nake sha da dare ba ya sakina da wuri, amma na samu asuba a kan lokaci. Na yi wa Ummi kalaba kafin ta tafi lakwal, har na biya kasuwar Wadata na sayo zogale da ƙuli na kopto. Ku da kuka daɗe tare da ni a nan kun san akwai lokacin da ko tsakar gida ba na iya fitowa. Alhamdu lillahi.

Bayan azahar sai ga Gwaggo Hajo daga unguwar Bukoki, cikin ranar nan mai ƙuna, ga wuta an ɗauke.

Ta zauna ta huce, ta ƙare mini kallo, ta ce, "Kai, ɗiyata, kin murmure. Ga kumatu sun fito. Ai kin warke." Wallahi na ji daɗi har cikin raina. Muna ta hira, ina kurɓar ruwa daga gorar da ba ta barin hannuna, can ta tsaya ta ce, "Wannan shan ruwa fa? Ko suga ce?" Na ce a'a Gwaggo, maganin ne ke busar mini da baki. Nan take fuskarta ta sauya.

"Au, har yanzu kina shan ƙwayar nan?"

"Ina sha, Gwaggo."

"To mai lafiya me zai yi da magani? Ba ki ganin 'yan Tramol? Jini ke sabawa. Ki ajiye ta haka nan, ki riƙe azkar, Allah ya riga ya yaye miki."

Na san don ƙauna ta faɗa. Ita ce ta kwana da ni lokacin da ba na ci ba na barci, ita ta riƙa ba ni kunu a baki. Shi ya sa maganar ta tsaya mini a wuya. Na yi mata bayani a hankali yadda lokotoro ya yi mini: Laroxyl, maganin da nake sha, ba ya sa maye, ba ya sa mutum kwaɗayin ƙari, ba hanyarsu ɗaya da Tramol ba. Sai dai ba a yanke shi rana ɗaya. In an yanke, sai tashin zuciya da ciwon kai da rashin barci su taso, kuma ciwon damuwar kansa yana iya dawowa. Bayan mutum ya ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata 6, wani ma har shekara, sannan lokotoro ya riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Na ce azkar ban bari ba ko rana ɗaya, ina haɗa su biyun ne. Ta ce, "Hmm. Ku dai 'yan boko." Ta gyara mayafi, muka koma zancen bikin Rabi.

Abin da ban faɗa mata ba, kumatun da ta yaba, rabinsu aikin maganin ne. Yana buɗe ciki, yana sa son zaƙi. Rigunana na bara duk sun matse ni. Mutane na ganin ƙiba su ce lafiya ta samu, ni kuwa na san da me nake biyan lafiyar. Bakina yakan bushe har harshe ya manne a ganɗa ina tsakiyar Fatiha. In na taso daga sujada da sauri sai ɗakin ya juya, shi ya sa na matsar da darduma jikin bango don in samu abin dafawa. Da safe sai na zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin in miƙe. Ga taurin bayan gida, wanda ba a son faɗa, sai da ruwa da yawa da zogale da gwanda yake sauƙi. A zafin Yamai na watan Afrilu bushewar bakin nan ba ƙaramin abu ba ce.

Kuma abin da ke karya wa mutane gwiwa, wahalar maganin ita ke fara zuwa, amfaninsa sai ya yi sati 2 zuwa 4 kafin ya fara nunawa. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai sha na kwana kaɗan, ya ji kasala da jiri, ya ce ƙara masa ciwo aka yi, ya jefar. Ina tuna wata yarinya da muka zauna benci ɗaya a likita, mahaifiyarta na riƙe da takardar magani tana tambayar kowa ko maganin mahaukata ne. Har yau tana raina.

Da Gwaggo ta tafi sai jikina ya mutu. Na kwanta a tabarma ina ta juya maganarta. Idan na daina nan gaba, ni ce zan rage, wadda ta je kasuwa yau ta yi ciniki tana dariya? Ko waccan ce za ta dawo, wadda take kallon bango daga safe har magariba? Tsoron nan ya fi bushewar baki damuna. Na yi kuka kaɗan. Da na duba sai na ga kukan yau da dalilinsa, na wancan lokaci zuwa kawai yake yi.

Wuta ta dawo wajen la'asar. Kopto ya yi daɗi, Ummi ta cinye nata ta nemi ƙari. Maganin yana cikin akwati a kulle, tun da aka gargaɗe ni cewa yana da haɗari sosai ga yara.

Alhamis zan koma ganin lokotoro. Na rubuta tambayoyina a bayan takardar magani: ƙibar nan, jirin, da kuma fluoxetine, wani maganin damuwar da ya taɓa ambata, wanda ake sha da safe kuma bai cika sa barci ba, ko da yake ya ce shi ma yakan zo da tashin zuciya a farko. Baban Ummi ya ce mu tafi da Gwaggo ta ji da kunnenta, tun da tana girmama maganar masu farar riga fiye da tamu. Gobe zan kira ta in ji ko za ta yarda.