Kafin ka shafa wa kalma ruwan ɗorawa

Ƙannena masu koyon rubuta manhaja, akwai aikin da ido ke rainawa: mutum ya rubuta kalma a akwatin bincike, shafi ya haska masa ita da ruwan ɗorawa duk inda ta fito. Na yi wa wata ƙungiyar manoma a ƙasar Gumel irinsa, don duba rajistar bashin taki da amfanin da kowa ya kawo.

Sakatarensu ya rubuta "ridi", shafi ya ce babu, alhali riɗi ne ya cika rajistar. Ni a kwamfutata nake gwaji, ina da ɗ da ƙ da ɓ. Shi kuwa a 'yar Tecno ɗinsa wa zai tsaya neman lanƙwasa? Na ɗauka normalize, umarnin JavaScript mai daidaita haruffa, zai raba gardama, ashe haruffa irin é na Faransanci yake warwarewa. A wurin Unicode, tsarin da ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ɗ harafi ne mai zaman kansa. Dole ka tsara da hannunka: ɗ ta koma d, ƙ ta koma k, ɓ ta koma b, amma a cikin kwafin rubutun, kada ka taɓa rubutun asali. Tunda harafi ɗaya ne ya maye gurbin ɗaya, lambar wurin da ka samu a kwafi ita ce ta asali. Alamar da ke gaban 'yan ma kada ka goge ta, daidaita ta kawai, don wasu wayoyin karkatacciya suke sawa. In ka goge, hasken zai zame gefe. Kuma \b, alamar iyakar kalma a RegExp (salon neman rubutu da alamomi), bai san ƙ harafi ba ne, kada ka dogara da shi.

Babbar ɓarnata ita ce musanya kalma kai-tsaye a cikin innerHTML, wato rubutun shafi haɗe da alamominsa na HTML. Wani ya danna "a" kawai, duk mahaɗan shafin suka wargaje. Ta wannan ƙofar ɓarawo ke cusa nasa umarnin. Bi rubutun zalla da TreeWalker, mai bin sassan shafi ɗaya bayan ɗaya, ka naɗe abin da ka samu a cikin mark, alamar HTML mai haska kalma. Lambar waya mai +234 kuma ta isa ta kayar maka da RegExp, don + umarni ne a wurinsa. Umarnin indexOf, mai nemo wurin kalma a rubutu, ya wadatar.

Chrome 105 na 2022 ya zo da CSS Custom Highlight, mai haskawa ba tare da yayyanka shafi ba. Abu ne mai kyau, sai dai tsofaffin wayoyin ƙauye ba duka suka san shi ba, don haka ka riƙe mark a matsayin madadi. Sannan ka jira mutum ya ɗaga yatsa kafin ka soma nema, in ba haka ba itel sai ta sandare.