Mako guda ina farautar kalmar "haske"

Wata ɗalibata 'yar aji biyu ce ta jawo. Ina cikin darasi na ce, "Bari in yi muku ƙarin haske," sai ta ɗaga hannu: "Malam, da rana tsaka wane haske kuma?" Aji ya kwashe da dariya. Ni kuwa abin ya tsaya min a rai. Ranar Litinin na sa ɗan littafi a aljihu, na ce duk inda na ji kalmar nan cikin mako guda sai na rubuta.

Na ɗauka a gida zan fi jin ta, wajen zancen lantarki. Ashe ba haka ba. Lantarki a bakinmu wuta ce: an kawo wuta, an ɗauke wuta, kuɗin wuta. Sai mai sayar da sola kaɗai na ji ya ambaci hasken rana.

Sai ranar Laraba na gane kuskurena. Na kafe a kan "haske", na bar "haska" tana wuce ni. Yaran unguwa na cewa yau za a haska wasan Arsenal a gidan kallo. Ƙanwata mai juna biyu ta dawo daga asibiti ta ce an haska cikinta. Inna da dare: "Kai, haska min nan, na yar da carbina."

Asabar na raka maiɗakina Kantin Kwari, a nan littafin ya cika. Mai shago ya baje atamfa biyu ya ce, "Hajiya, wannan ta fi haske." Launi yake nufi. Ba a jima ba maƙwabcinsa ya leƙo: "Alhaji, yau akwai haske kuwa?" Ya girgiza kai ya ce tun safe babu. Ciniki ke nan, kuma wannan ta fi burge ni, don ba wanda ya tsaya tambayar me ake nufi. A adaidaita sahu kuma maiɗakina na kwatanta wata amarya, wai doguwa ce mai ɗan haske. Fata ke nan, abin da ya sa kasuwar man bilicin ba ta mutuwa.

Lahadi muka je gaisuwar rasuwar wani dattijon maƙwabcinmu. Duk wanda ya zauna kan tabarma sai ya ce, "Allah ya kai haske kabarinsa." Hannuna ya kai aljihu, na fasa ciro littafin. Na ce amin tare da jama'a.