Yadda ƙungiyar tsofaffin ɗaliban Barewa ta faro

Masu shirin kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ku duba tarihin ta Kwalejin Barewa. Makarantar ta faro a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949. Sunan Barewa bai tabbata ba sai 1971. Ita kuwa ƙungiyar an kafa ta a 1939, lokacin makarantar na Kaduna.

Ba ta daɗe ba ta yi sanyi. Yawancin 'ya'yanta malaman makaranta ne da ma'aikatan En'e, a warwatse cikin larduna, zuwa taro sai da izinin na gaba da kuɗin jirgin ƙasa. Ga hukumar Turawan mulkin mallaka ba ta saki jiki da haɗuwar 'yan boko wuri guda ba, kuma ba a banza ba: cikinsu aka samu su Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano.

Abin da ya fi burge ni shi ne lambar shiga makaranta. Suna ya canza, gari ya canza, amma kowa na riƙe da lambarsa, da ita ake gane wanda ya riga wani. Ku fara haɗa rajista tukuna, kafin rigimar zaɓen shugaba da kuɗin wata.