Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Baturen da ya gaskata maganar Baffa

Makon jiya mun tsaya a inda aka mai da ni reshen bankinmu na bakin kasuwa. Kafin in ci gaba, dole in kawo maganar Charles Goodhart, masanin tattalin arziki ɗan Ingila, don ba don shi ba da har yau ina zargin kaina a kan abin da ya faru a reshen nan.

Baffa, Allah ya jiƙansa, ya sha faɗa mana a rumfarsa ta hatsi: "In ka ce wa mai awo da yawan mudu za ka biya shi, to ka shirya sayen ƙaiƙayi." Muna yara mukan ɗauka faɗan tsufa ne.

Sabon manaja ya zo ya ce yawan asusun da kowa ya buɗe shi ne ma'aunin ƙarin girma. Ka ga ma'aikaci da fom cike da jaka, yana bin surukai da 'yan unguwa, a dangwala yatsa a tawada, a zuba 'yan canji, gobe a cire. Ni na ƙi. A gaban yaran da na koya wa aiki ya kira ni malalaci. Shekaru sun ja, amma kalmar nan ba ta bar ƙirjina ba.

Sai bayan na yi ritaya, ɗan Yaya da ya karanta tattalin arziki ya kawo mini rubuce-rubucen Goodhart. An haife shi a 1936, ɗan babban gida ne, mahaifinsa Arthur Goodhart shehin malamin shari'a ne a Oxford. Ya yi karatu a Cambridge, ya yi digirin digirgir a Harvard, sannan Babban Bankin Ingila ya ɗauke shi mai ba da shawara kan harkar kuɗi har zuwa 1985. A 1975, a wani taron babban bankin Ostareliya, ya nuna cewa duk alƙaluman da hukuma ta kama ta ce da su za ta juya al'amura, daga ranar sun daina faɗa mata gaskiya. Na ajiye takardar, na ce wallahi wannan ai Baffa ne!

Kuma ƙasar Goodhart ta gani da idonta. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗaura yaƙi da tsadar kaya a kan yawan kuɗin da ke yawo, ta sa masa iyaka. Alƙaluman suka riƙa tsallake iyakar, dangantakarsu da farashi ta rikice, kafin ƙarshen shekarun 1980 aka jingine ma'aunin. Shi kuwa darajarsa sai gaba. A 1983 yana cikin waɗanda suka ba da shawara aka ɗaure kuɗin Hong Kong da dalar Amurka, a kan dalar Hong Kong 7.8 ga dalar Amurka ɗaya. Ya koma koyarwa a LSE, wato jami'ar nazarin tattalin arziki ta Landan, a 1997 kuma aka sa shi cikin kwamitin farko mai yanke kuɗin ruwa a Ingila.

Can mai faɗin wannan magana kujera aka ba shi. Ni tebur aka ba ni a bayan ɗakin ajiyar fayil, kusa da janareta, ina lissafa asusun da ba kowa a cikinsu sai suna. Ƙaiƙayin Baffa ne na wuni ina ƙirgawa. Inna ta ce in yi haƙuri, na yi, amma takardar yabo da aka ba manajan nan a ƙarshen shekara ban yafe ta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo zuwan masu binciken lissafi daga hedikwata.